KADA MU SAYAR DA TSOFFIN INJUNAN ƘARFE DA KILO

A wannan wata maganarmu ta shafi maƙera, da masu walda, da makanisai, da duk manomin da ke aiki da amalanke, ko garmar shanu, ko injin ban ruwa.

Kowa ya san abin da ke faruwa in injin ban ruwa ya tsaya a tsakiyar rani. Sau da yawa wani ɗan ƙarfe ne da bai fi tsawon yatsa ba ya cinye. Mai garka ya bar albasa ko tumatir cikin ƙishirwa, ya hau mota zuwa Maraɗi, ko Ƙonni, ko Damagaram. In ya yi sa'a ya samu piyas ɗin. In bai yi sa'a ba a ce mashi sai Kano. Kwana 3 ko 4 ba ruwa sun isa su karya shuka. Haka mai injin niƙa: ranar da sandar injin ta lalace, matan gari sun koma ga turmi da taɓarya.

Alhali injin da ke iya sassaƙa wannan ɗan ƙarfe cikin awa guda yana nan kwance cikin ƙasarmu. Ana ganin irinsa bayan tsoffin garaji, da cikin ma'aikatun da suka rufe, ya sha ƙura da tsatsa, awaki na kwana ƙarƙashinsa. Masu sayen tsohon ƙarfe suna yawo gari gari da sikeli. Su sa guduma su farfasa shi, su auna, su loda a kamiyo, a kai shi narkewa. Injin da zai ciyar da gida shekara 30 ya tafi a kuɗin buhun hatsi kaɗan. Wannan hasara ce ga mai shi, hasara ce ga gari baki ɗaya.

INA SUKA FITO?

Ƙira tsohuwar sana'a ce a ƙasar Hausa. Kakanninmu sun narka tama a Adar, sun ƙera hauya da gatari da lauje da uwar maƙera da masaba kaɗai. Amma akwai aikin da masaba ba ta iyawa: ta fitar da sanda mai zagaye daidai wa daida, ko ta yanka zaren bulo. Wannan aikin injin da makanisai ke ce ma tur ne, wato injin sassaƙar ƙarfe. Wajen shekara ta 1800 wani Bature na Ingila, Henry Maudslay, ya kyautata shi har ya zama yana yanka zare iri ɗaya kullum. Daga nan ne masana'antu suka samu ƙafar tsayuwa.

A shekarun 1970 da 1980, lokacin da aka tashi haiƙan wajen yaɗa noman shanu, an buɗe ma'aikatun ƙera kayan noma: ACREMA a Tawa, UCOMA a Damagaram, CDARMA a Doso. An ƙera garma da amalanke, an horar da maƙeran karkara. Makarantun sana'a, kamar lise teknik Ɗan Kasawa ta Maraɗi, sun fitar da samarin da suka san tur. Kamfanonin hanya da na sufuri su ma sun shigo da nasu injuna. Bayan haka ƴan kasuwa sun daɗe suna kawo waɗanda Turai ta gama da su, ta tashoshin jirgin ruwa na Kotonu da Lome. Shi ya sa ake gamuwa da sunaye iri iri a jikinsu: Ernault da Cazeneuve na Faransa, Colchester da Harrison da Myford na Ingila, South Bend na Amurka.

A Janairun 1994 an karya darajar kuɗin sefa da rabi. Piyas ɗin da ke zuwa daga waje ta ninka kuɗi dare ɗaya. Tun lokacin mutane suka gane darajar mai gyara. A ƙarshen shekarun 1990 kuma masu walda na gida ne suka riƙa ƙera famfon ƙafa mai suna Niyya da Ƙoƙari, wanda ya taimaki masu garka da dama.

Wasu ƙasashe sun riga mu gwadawa. Ƴan uwanmu masu zuwa Kumasi sun san unguwar makanisai ta Suwame. A 1980 jami'ar Kumasi ta buɗe wata cibiya cikin unguwar, ana kawo tsoffin injuna daga Ingila, a koya ma masu sana'a aiki da su, a sayar musu. Da waɗannan tsoffin injuna suka shiga ƙera bulo da ekuru da kayan injin niƙa. Panteka ta Kaduna da kasuwar Katako ta Yamai su ma shaida ne kan abin da hannu ke iya fitarwa daga tsohon ƙarfe. Da tsohuwar zuma ake magani.

MU SAN SASSAN TUR

Kafin mutum ya saya, sai ya san abin da yake kallo.

Gado: shi ne dogon jikin injin, na ƙarfen zubi. A bisansa akwai hanyoyi masu santsi. Su ne ran injin.

Kai: yana hannun hagu. Cikinsa akwai babbar sanda mai juyawa, da pinyo masu sauya gudu. A bakin sandar ake ɗaura mandaran, mai muƙamuƙi 3 ko 4, wanda ke cizon ƙarfen da za a sassaƙa.

Sirdi: shi ke tafiya bisa gado, yana ɗauke da wuƙa.

Wutsiya: tana hannun dama. Ita ke tokare dogon ƙarfe, kuma a cikinta ake sa meshi in za a yi huda.

Uwar bis: doguwar sanda mai zare da ke gaban gado. Ita ke jan sirdi in ana yanka zare.

Tur ba ya zama shi kaɗai. Abokan zamansa su ne injin huda na tsaye, da dutsen wasa wuƙa mai mota, da eto mai ƙarfi, da magagari, da ma'aunin da ake kira piyakulis.

KADA A YI CINIKIN BIRI A SAMA

Fenti ba ya sassaƙa ƙarfe. Wani injin an shafe shi da sabon fenti amma cikinsa ya ƙare. Wani kuma baƙi ƙirin da tsohon mai, amma man nan shi ya tsare shi daga tsatsa. In da hali, a tafi da tsohon ma'aikacin tur. Ga abin da za a duba:

1. Tsaga. A share gado da ƙafafu da kai, a duba da fitila. Ƙarfen zubi ba ya lanƙwasa, tsagewa yake. Ƙaramin hannu da ya karye ana iya like shi da jan ƙarfe ko da sandar walda ta nikel. Gadon da ya tsage ba shi da magani.

2. Cinyewar gado. Yawancin aiki kusa da kai ake yin shi, can ne gado ke fara cinyewa. A kawo sirdi kusa da kai, a ɗan ɗaure bulon da ke riƙe shi har ya riƙa tafiya da ɗan nauyi. Sa'an nan a tura shi wajen wutsiya. In ya tafi har ƙarshe, gado na da lafiya. In ya cije tun a rabin hanya, gado ya cinye. A bi hanyar da farce: in farce ya maƙale a wani gefe kamar matakala, cinyewar ta yi yawa. Irin wannan yana iya aikin amalanke, amma ba zai yi aikin famfo mai kyau ba.

3. Sandar kai. A sa katako ƙarƙashin mandaran a ɗan ɗaga. In an ji ƙwas-ƙwas, rulma ko zoben jan ƙarfen da sandar ke juyawa ciki sun saki. Wasu ana ɗaure su, wasu sai an sake.

4. Haƙoran pinyo. A buɗe murfi, a juya da hannu, a bi su ɗaya bayan ɗaya. Galibi suna karyewa ne saboda wani ya kulle su don ya kwance mandaran da guduma.

5. Kayan rakiya. A tambayi mandaran na biyu, da muƙamuƙan waje, da makulli, da jerin pinyon yanka zare. A bincika akwatuna da kusurwoyin ɗaki kafin a biya kuɗi. Masana'antu da dama da suka ƙera waɗannan injuna sun rufe, pinyo guda tana iya sa mutum yawon wata 6.

6. Farantin mota. A karanta shi. Yana faɗin ƙarfin wutar da motar ke ci, da dokinta, da juyinta.

In injin ya mutu ƙwarai, to a sayar da gadon da kilo. Amma a cire mandaran, da pinyo, da mota, da wutsiya, da hannuwa. Za su tada wani.

ƊAUKA DA WANKI

Ƙaramin Myford mutum 3 na ɗaukarsa. Colchester matsakaici ya haura kilo 500. Nauyin tur yana sama ne, kuma gindinsa siriri, don haka yana saurin kifewa. A cire mandaran da wutsiya da mota tukuna. A tura shi bisa tiyo 3 na ƙarfe, ta tsawonsa, sannu sannu. Kada a ɗaura igiya a uwar bis ko a hannuwa. Kada kowa ya tsaya ta gefen da zai iya faɗuwa, kuma in ya tashi faɗuwa a bar shi ya faɗi. Ƙarfe na da magaji, ƙafa ba ta da shi.

In ya iso gida, kada a yi gaggawar sa mashi wuta. Kada ma a tura sirdi bisa tsatsa da rairayi. A jiƙa ko'ina da gazuwal ko kananzir, a bar shi kwana 2 ko 3. Bulon da ya ƙi kwancewa a ƙara jiƙa shi, a ɗan bubbuga, a jira gobe. Sannu ba ta hana zuwa.

A kwance sashe ɗaya, a gama da shi, kana a taɓa wani. Kowane sashe da kwanonsa. A zana yadda abubuwa ke jere cikin littafi, ko a ɗauki hoto da salula kafin a cire. Wanda ya zube komi wuri guda, wata 2 bayan haka ba zai tuna inda ƙaramin siprin ya fito ba.

Tsatsar hanyoyin gado da reza ake kankare ta, a kwance, tare da mai. Sa'an nan a goge da soson ƙarfe mai laushi. Kada a kusanto da injin gurza ko takardar yashi mai kaushi. Abin da suka ci ba ya dawowa. Baƙin tabon da ya rage ba ya hana aiki.

Ƙananan kaya, kamar bulo da makullai, ana iya jiƙa su kwana guda cikin binegar ko ruwan tsamiya mai kauri. Tsamin yana cin tsatsa. Da an fitar a ɗauraye, a shanya a rana, a shafa mai nan take.

Akwai ƙananan ramukan zuba mai a kai, da sirdi, da wutsiya. Zanzaro na son toshe su da laka. A bi kowane da waya har mai ya wuce. A bakin sirdi kuma akwai ƴan ƙyallaye masu share hanya. In sun ruɓe a yanka sabbi daga tsohon bargo mai kauri. Aikin dala kaɗan ne, amma shi ke hana rairayi shiga ƙarƙashin sirdi.

WURIN ZAMA DA WUTA

Tur ba ya zama bisa rairayi. A zuba mashi daɓen siminti mai kaurin santimetir 15, cikin ɗaki mai ƙofa da taga. In ƙafa ɗaya ta fi sauran tsawo, gado yana murɗewa, ko da ido bai gani ba, sai sanda ta riƙa fita kai da kauri gindi siriri. Ga yadda ake ganewa: a ɗaura ƙarfe mai kaurin milimetir 50, a bar santimetir 15 a waje, ba tare da wutsiya ba. A sassaƙa shi kaɗan kaɗan da wuƙa mai kaifi. A auna bakin nan da bakin can. In sun bambanta, a yanka gwangwanin tumatir a cusa ƙarƙashin ƙafa ɗaya ta wajen wutsiya, a sake gwadawa, har su zo ɗaya.

Babban abokin gabar tur a ƙasarmu shi ne ƙura. In hunturu ya busa, rairayi ya haɗu da mai, ya zama kamar dutsen wasa yana cin gado. Saboda haka ba a shafa girisi a hanyoyi, don yana riƙe rairayi. Mai ake sawa, mai tsabta, irin na idirolik lamba 68. Kada a yi amfani da baƙin man da aka juye daga mota: cike yake da garin ƙarfe. Kowace safiya a share, a sa sabon mai. Kowane marece a share, a rufe da tabarma ko tsohon zane. Dutsen wasa wuƙa kuma a kai shi waje ƙarƙashin rumfa, don garinsa ya fi rairayi ɓarna.

Wutar gida a Nijar bolt 220 ce, mai layi ɗaya. Yawancin manyan injuna kuwa bolt 380 suke ci, mai layi 3. Akwai hanya 4:

Ta ɗaya, a nemi layi 3 wajen kamfanin wuta, in yana kusa.

Ta biyu, a sake mota, a sa mai layi ɗaya. Ƙaramin tur doki 1 ya ishe shi. Matsakaici yana son doki 3.

Ta uku, a sa akwatin da ake kira bariyatar, mai juya layi ɗaya ya koma 3. Sai dai motar ta zama mai rubutun 220/380 a farantinta, kuma mai aikin wuta ya sauya haɗin wayoyinta. Akwatin yana tada mota sannu, shi ya sa ya fi dacewa da mai gurup ko mai faifan hasken rana. Ba tare da shi ba, mota tana jan wuta ninki da yawa wajen tashi, ƙaramin gurup sai ya shaƙe.

Ta huɗu, a garin da ba wuta, a ja tur da bel daga injin gazuwal irin na niƙa. Haka masana'antun Turai suka yi aiki kafin zuwan lantarki: inji ɗaya, doguwar sanda, bel da yawa.

Lissafin puli ba wuya. Mota mai juyi 1450 a minti, in pulinta santimetir 10 ne, tana jan puli mai santimetir 30, to na biyun zai yi juyi wajen 480. Injin da ya fito Amurka kuma a kula: motarsa ta wata irin wuta ce, sau da yawa bolt 110. Kada a haɗa ta sai mai aikin wuta ya gani.

AWO DA GUDU

Maƙeri da ido yake awo. Mai tur da lamba yake awo. Piyakulis tana raba milimetir gida 10, wata 20, wata 50. Kaurin takardar wannan jarida bai wuce kashi ɗaya cikin 10 na milimetir ba, kuma kuskuren da ya kai haka ya isa ya sa rulma ta yi rawa bisa sanda. A ajinmu na manya, maƙeran da ke zuwa su ne suka fi kowa ɗokin darasin waƙafi, don sun san 8,5 da 85 ba ɗaya ba ne.

Ga lambobin da ya kamata a rubuta a bango:

Pus ɗaya, wanda a Najeriya ake ce ma inci, milimetir 25,4 ne.

Lambobi 2 na ƙarshen sunan rulma, daga 04 zuwa sama, in an ninka su sau 5 suna ba da faɗin raminta. Rulma 6204 tana hawa sandar milimetir 20. Rulma 6205 tana hawa ta 25.

Bulo na 6, tazarar zarensa milimetir 1, ana huda mashi 5. Na 8, tazara 1,25, huda 6,8. Na 10, tazara 1,5, huda 8,5. Na 12, tazara 1,75, huda 10,2.

Zare iri biyu ne ke yawo a kasuwanninmu. Na milimetir, wanda ke jikin kayan Faransa da Japan da Sin. Da na pus, wanda ke jikin tsoffin kayan Ingila da Amurka, irin su tsohuwar Land Rover da injin Lister. Zaren tiyon ruwa ma na pus ne ko'ina: tiyon rabin pus zare 14 a pus, tiyon pus ɗaya zare 11. Ekuru na wannan ba ya hawa bulon wancan, ko an matsa. Tur na Ingila yana iya yanka zaren milimetir in yana da pinyo mai haƙori 127, don 127 shi ne 25,4 sau 5. Wanda ya ga wannan pinyo cikin tarkace ya riƙe ta da kyau.

Gudu kuma da ƙa'idarsa. In ana aiki da wuƙar ƙarfe wadda ake wasawa a gida, a kan baƙin ƙarfe mai taushi, a raba 8000 da kaurin ƙarfen. Milimetir 25, juyi 320 a minti. Milimetir 50, juyi 160. Milimetir 100, juyi 80. Meshi na 10, juyi 800. Ƙarfen zubi a raba 5000, kuma a busasshe ake yanka shi. Jan ƙarfe da sanholo suna ɗaukar ninki biyu. In ɓawon da ke fita ya koma shuɗi, gudu ya yi yawa, wuƙa za ta ƙone. Bakin wuƙa ya tsaya daidai tsakiyar ƙarfe. Ƙarfen da ya fito daga mandaran fiye da kaurinsa sau 3 a tokare shi da wutsiya.

Kayan aiki suna nan kusa. Sandar ƙafar tsohuwar mota ƙarfe ne mai kyau, amma da tauri. A sa ta wuta wajen maƙeri har ta yi ja, a turbuɗe ta cikin toka ta kwana, gobe ta yi taushi. Tsoffin kawunan famfo suna ba da jan ƙarfe. Masu zubin tukwane suna iya zuba ma mutum dunƙulen sanholo ya sassaƙa puli. Ke nan maƙeri da mai zubi da mai tur abokan juna ne.

RIGAKAFI YA FI MAGANI

Tur ba ya jin kuka. Abin da ya kama sai ya naɗe.

Ba a aiki da babbar riga, ko rawani, ko gyale, ko laya mai lilo, ko zobe, ko safar hannu. Riga mai gajeren hannu, da takalmi rufaffe.

Ba a barin makulli cikin mandaran, ko na ƙiftawar ido. In inji ya tashi da shi, harbi yake kamar dutsen majajjawa.

A sa tabarau. Likitan ido yana da nisa, kuma ido ba shi da piyas.

Ba a jan ɓawon ƙarfe da hannu, yana yanka kamar aska. A tsaida inji, a ja da ƙugiya. Ba a awo inji na juyawa.

A injin huda, a ɗaure ƙarfe cikin eto. Falle in ya kuɓuce yana juyawa kamar adda.

Dutsen wasa kafin a ɗaura shi a rataye shi, a ƙwanƙwasa da katako. Mai lafiya yana amo kamar ƙararrawa. Mai tsaga amonsa a mace yake, a jefar da shi.

A haɗa jikin kowane inji da sandar ƙarfe da aka kafa cikin ƙasa, a riƙa zuba mata ruwa da rani.

Tun da cikin gida ake aikin, akwai ƙarin nauyi. Ɗakin ya zama da kwaɗo. Abin kunna wuta ya zama sama, inda hannun yaro ba ya kaiwa. A share ɓawon ƙarfe kullum a tara cikin tano mai murfi. Yara na yawo ba takalmi. Saniya kuma tana haɗiye waya da ƙusa tare da ciyawa, su huda mata tumbi, ta rame har ta mutu. Tanon in ya cika, shi ne abin da ya dace a kai ma mai sikeli.

HANNU ƊAYA BA YA ƊAUKAR JINKA

Wane aiki ke jiran mai tur a karkara? Sandar amalanke da zobenta. Sandar injin niƙa da pulinsa. Sandar injin ban ruwa a fadamun Jiratawa, da Galmi, da Ƙonni. Kayan famfon burtsatse. Injin matsar man gyaɗa na mata. Gangar birkin mota, da ƙananan kayan babur. Duk wanda ya zauna kusa da kasuwar mako ba zai rasa aiki ba, musamman daga kaka zuwa bazara.

Amma kuɗin saye da ɗauka da daɓe da wuta sun fi ƙarfin mutum ɗaya. Maƙera 4 ko 5 suna iya haɗa kai, ko ƙungiyar masu garka ta saya ta damƙa ma wanda ya koya, bisa yarjejeniya a rubuce gaban shaidu. A buɗe littafi: ranar aiki, sunan aiki, kuɗin da ya shiga, kuɗin da ya fita. Daga kowace jika a ware wani abu cikin asusun mai, da bel, da wuƙa, da meshi. Injin da ake ci daga gare shi ba a ba shi komi, ba ya daɗewa. Don tuwon gobe ake wanke tukunya.

Sa'an nan maganar koyo. Wannan takarda tana nuna hanya ne kawai, hannu sai wajen mai hannu. Akwai dattawan da suka yi aikin tur shekara da shekaru a ma'aikatu, yau suna zaune gida. Akwai samarin da suka fito makarantun sana'a ba su da inji. Ga kuma injuna kwance ba mai taɓa su. A haɗa ukun nan wuri guda. Saurayin da ya yi shekara 2 gaban dattijo ya samu abin da zai riƙe shi a garinsu, ba sai ya tafi bariki ba.

Don haka muna kira ga masu gari, da sarakunan maƙera, da shugabannin ƙungiyoyi: in kun ji labarin tsohon tur, ko injin huda, da za a farfasa, ku sa baki. Ku nemi wanda ya sani ya duba shi tukuna. Masu injin da ba su aiki da shi kuma, ku fara tallata shi ga masu sana'ar garinku kafin ku kira mai sikeli.

Wanda ya karanta wannan, ya karanta ma maƙerin unguwarsu. Wanda kuma ya tada wani tsohon inji a garinsu, ya rubuto ma jarida yadda ya yi, don sauran ƴan uwa su amfana. Allah ya sa albarka cikin sana'a.